Abin da Ke Cikin Siton Kalilu Mai Harawa

Duk wanda ya taɓa turke rago ko sa a garin Babban Mutum shekarun baya ya san Kalilu mai harawa. Gajeren mutum ne kakkaura, mai faɗin ƙirji, wanda in ya ɗora dami biyu a ka ba ka ganin komai nasa sai ƙafafu suna tafiya. Ba shi da yawan magana, ba shi kuma da yawan zama. In ka neme shi da kaka yana gonakin mutane, in ka neme shi da rani yana bakin kasuwar dabbobi.

Sana'ar gado ce gare shi. Mahaifinsa, Malam Kabo, da kaka yake bin gonaki yana sayen harawar wake da ta gyaɗa, ya ɗaure ta dami-dami, ya jibge a rassan gawo da kan soraye. Nan za ta zauna iska na ratsa ta har bazara, lokacin da ciyawar daji ta ƙare ƙarƙaf, saniya ta koma cin leda da tsumma. Sai a sauko da ita, mai rago ya zo, mai shanun huɗa ya zo, Fulani ma su shigo gari nema. A haka Kalilu ya tashi, tun yana miƙa wa uban igiya har ya zama shi ke hawa bishiyar. Da tsohon ya rasu, wansa Abbas, wanda dillancin shanu ya fi ja, ya bar masa harkar gaba ɗaya.

Abin da ya raba Kalilu da hanyar uban nasa wuta ce. Wata shekara masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, ta haye gawon da ya tara rabin kayansa, yana tsaye yana kallo ta lamushe. Shekarar da ta biyo kuma ɓarayi suka kwashe masa na kan soro. Don haka da ya ɗan farfaɗo sai ya sa aka gina masa sito a bayan kasuwa, katangar laka mai kauri, rufin kwano, ƙofar ƙarfe guda ɗaya. Magini ya ce a bar ko da taga ɗaya, Kalilu ya ce taga ƙofar ɓarawo ce. A shekarar aka ƙaddamar da shari'a a jihar, ana ta cewa ai sata ta ƙare. Ya ce madalla, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi.

Ranar da aka kafa ƙofar, abokinsa Maliki ya zo kallo. Tare suka tashi, a hannun Kalilu kuma ya koyi cinikin harawa har ya kafa tasa rumfar a tsallaken hanya. Ya leƙa ciki, ya ji zafin da ke fitowa kamar daga tanda, ya yi dariya ya ce, "Kalilu, wannan siton naka shi zai ci ka." Aka yi dariya aka watse. Abbas yana wurin, shi bai yi dariya ba. Daga baya Maliki ya nemi a ba shi gefe ya ajiye nasa kayan, Kalilu ya ce babu wuri. Suka ɗan yi sanyi da juna, amma gaisuwa ba ta yanke ba.

Shekaru suka tafi lafiya, sai aka yi wata damina da ta ƙi tafiya. An tuge wake, an baza harawa a gonaki tana shan rana, sai hadari ya haɗo a lokacin da kowa ya sallami ruwa. Aka yi kwana da kwanaki ana yayyafi. Kalilu ya ga in ya bar kayan a fili za su ruɓe, ya nemo amalanke ya yi ta jido, wata ta bushe, wata da sauran laima a cikinta. Ya danƙara ta tun daga bangon baya har kusa da ƙofa, tun daga ƙasa har rufi, ya sa kwaɗo. Bai sani ba, kwanon baya ya ɗan ɗaga, duk ruwan da aka yi bayan nan ta wurin ya riƙa zirara yana bin bango.

Da rani ya yi nisa ya buɗe sito. Wari ne ya fara tarbarsa, irin na tabarmar da aka naɗe a jiƙe aka manta da ita. Damin gaba lafiya lau suke, kore shar, sai dai duk wanda ya zaro wata ƙura mai laushi ta biyo shi, ta tsaya a hasken ƙofa kamar hayaƙi. Ƙurar harawa ba baƙuwarsa ba ce. Ya yi atishawa ya ci gaba da aiki.

Ran nan bayan la'asar yana zaune a ƙofar gida sai ya ji sanyi ya ratsa shi har ƙashi, ga rana ba ta faɗi ba. Haƙoransa suka riƙa haɗuwa, gaɓoɓi suka yi tsami, ƙirji kamar an ɗaure da igiya an ja. Matarsa Murjanatu ta lulluɓa masa bargo, ta dafa masa tazargade ya yi surace. Gari na wayewa ya tashi garau sai ɗan tari, ya tafi sito. La'asar na yi abin ya dawo.

Haka ya zama masa kamar al'ada: ya yi aiki da safe, ya kwanta rawar ɗari da yamma. Mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya yi masa allurai, ba a ga sauƙi ba. Ran Juma'a ne kaɗai yake samun sa'ida, ya ce albarkar ranar ce, bai taɓa kawowa a ransa cewa ita ce ranar da ba ya buɗe sito ba. Tari ya zauna masa, busasshe, mai tsawo. Ƙirjin nan mai faɗi ya faɗa, riga ta yi masa yawa. Mutumin da ke ɗaukar dami biyu ya koma in ya ɗauki ɗaya daga sito zuwa amalanke sai ya dafa bango yana haki.

Bakin mutane bai jira likita ba. Aka ce tarin tibi ne. A masallaci ya lura wanda ke kusa da shi a sahu yana ɗan jan kafaɗa. A wurin mai shayi aka ware masa kofi, aka ɗaura wa hannun kofin zare. Masu sayen da suka saba tsayawa su yi hira suka koma miƙo hannu daga nesa, wasu kuma suka tsallaka hanya wurin Maliki. Wannan ya fi ciwon ci masa rai, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Murjanatu ce kaɗai ta ƙi raba kwano da shi. Da ya yi mata magana ta ce in na ɗauka ne da tuni ta ɗauka, ya ci abincinsa.

Abbas ne ya ɗauke shi ya kai shi asibiti a Daura. Aka gwada kakinsa, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ba tibi ba ne, amma akwai duhu-duhu a huhun, a kwantar da shi a gani. Abin mamaki, tun kafin magani ya yi nisa zazzaɓin ya ɗauke. La'asar ta yi ta wuce ba rawar ɗari. Ya fara cin tuwo yana neman ƙari, har yana zagaya harabar asibitin yana kallon wata akuya da ke kiwo a gindin katanga yana cewa an bar ta da yunwa. Aka sallame shi ya dawo gida da murna. Kashegari ya buɗe sito, don bazara ta kama, masu dabbobi sun matsu. Kafin magariba yana kwance yana jan numfashi kamar wanda aka danne.

Daga nan Abbas ya yanke hukunci. Ciwon da ke sakin mutum a Daura ya kama shi a ƙofar sitonsa, in ji shi, ba na asibiti ba ne. Ya kawo mai ruƙiyya. Malamin ya yi karatu mai tsawo a kan Kalilu, ba abin da ya motsa, ya rufe littafinsa ya ce shi dai bai ga alamar iska ko sihiri ba, a mayar da shi wurin likita. Abbas bai gamsu ba. Ya tsallaka iyakar ƙasa wurin wani mai duba, irin waɗanda suka janye daga gari tun da malamai suka matsa musu da wa'azi. Ya dawo da maganar cewa wani na jiki, wanda aka ci kwano ɗaya da shi, ya binne abu a bangon sito na baya. Ba a ambaci suna ba, amma Abbas bai buƙaci suna ba. Ya tuna wa Kalilu maganar da Maliki ya yi ranar kafa ƙofa, ya tuna masa gefen da aka hana shi, ya nuna masa inda masu sayensa suka koma.

Kalilu ya ce ba ya zaton haka. Amma da ya kwanta yana fama da numfashi, maganar ta riƙa dawo masa. Ya tuna dariyar Maliki, ya yi ta juya ta a ransa yana neman inda mugunta take a ciki. Wani lokaci ya ga kamar ya gan ta, sai ya yi istigfari.

A kwanciyarsa ta biyu a Daura ya faɗa hannun wani matashin likita, Dokta Abdulmuhaimin. Da ya ga abin ya maimaita kansa, mutum ya zo a galabaice ya miƙe cikin 'yan kwanaki, sai ya jawo kujera ya zauna a bakin gadon. Ya tambaye shi sana'arsa, da inda yake ajiye kaya, da ko akwai taga, da lokacin da zazzaɓin ke zuwa, da ranar da ba ya zuwa. Ya tambaye shi ko harawar ta taɓa jiƙa. Kalilu ya ba shi labarin ruwan ƙarshen damina. Sannan likitan ya tambaye shi ko ya san fumfuna, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko goron da ya sha rima. Kalilu ya ce wane ne bai san ta ba.

Likitan ya yi masa bayani a hankali. Harawar da aka rufe da laima a wuri mai zafi, fumfuna ce ke cin ta daga ciki, in ta bushe ta zama gari mai laushin da ido ba ya gani sai a haske. Shi yake shaƙa tun safe, ya gangara har ƙasan huhu. Jikinsa ya riga ya ɗauki gaba da garin, shi ya sa bayan wasu sa'o'i yake tashi da faɗa, faɗan nan shi ne zazzaɓin la'asar. Kowane tashi kuma yana barin tabo a huhun, tabon ba ya gogewa.

"Malam Kalilu, zan ba ka magani, zai rage kumburin," in ji likitan. "Amma maganin gaskiya shi ne kada ka ƙara sa ƙafa a siton nan. Ko ƙofarsa kada ka tsaya in ana fitar da kaya. In ka koma, ban san ko zan iya dawo da kai ba."

Kalilu ya dubi silin ɗakin. Duk abin da ya mallaka yana cikin siton nan. Bai iya wata sana'a ba, ko noma bai yi nisa a ciki ba. Amma a ƙarƙashin wannan baƙin ciki ya ji wani nauyi ya sauka daga ransa, sai kunya ta maye gurbinsa. Ya ce wa Murjanatu da sun isa gida zai nemi Yaya Abbas ya gaya masa, a bar maganar Maliki.

Ranar sallama Abbas bai zo ɗaukarsu ba, abin da bai taɓa yi ba. Suka hau motar haya su biyu, suka sauka a tasha da hantsi. Wani mai faci ya gan su ya miƙe tsaye, bai ko gaishe su ba ya ce gara da suka zo, tun safe Abbas ya fasa kwaɗon sito, ya tara matasa da diga da shebur, wai yau za a tono abin da aka binne.

Murjanatu ta riƙe masa hannun riga a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. "Malam, ka ji abin da likita ya ce."

"Daga nesa zan tsaya," in ji shi.

Daga tasha zuwa bayan kasuwa ba nisa, amma sai da ya huta a hanya. Tun kafin ya ƙarasa ya ji hayaniya. Mutane sun cika tsakanin sitonsa da rumfar Maliki, har da waɗanda suka bar dabbobinsu a kara, wato kasuwar dabbobi, suka zo kallo. An fitar da damin gaba an zubar a ƙasa, ana tattakawa. A tsallaken hanya Maliki na zaune a cikin rumfarsa, hannu a kan gwiwa, ba ya motsi. Wasu 'yan agaji biyu na masallacin Juma'a sun tsaya a gabansa da sanduna, ɗaya yana ta cewa duk mai magana ya kai ta gaban alƙali a Baure, shari'a ba ta ba kowa ikon ɗaukar doka a hannu ba. Ba mai sauraronsa. An aika kiran mai gari, an ce ya tafi ta'aziyya.

Abbas yana bakin ƙofar sito, ya naɗe hannun riga, gumi na zuba. Kalilu ya tsaya nesa kaɗan ya kira shi. Muryar ba ta kai ba, sai da wani ya taɓa Abbas ya nuna masa. Ya zo. Kalilu ya gaya masa abin da likita ya ce, yana yi yana tsayawa ya ja iska. Abbas ya saurara har ƙarshe, ya ce shekara nawa ubansu ya yi yana shaƙar ƙurar harawa bai taɓa tari ba. Likita ya san huhu, in ji shi, amma bai san mutum ba. Ya juya zai koma.

Sai aka yi kururuwa daga cikin sito cewa an samu.

Taron ya motsa gaba ɗaya kamar garken da ya ji ƙugin kura. Wanda ke kusa da ƙofa ya ce ƙullin tsumma ne baƙi, an naɗe an ɗaure, a gindin bango. Maganar ta bi baki-baki, kafin ta kai baya ta zama laya da gashin mutum. Wani ya tsinci dutse. Na baya suka fara juyawa suna fuskantar rumfar Maliki, 'yan agajin suka gitta sandunansu. Kalilu ya hango Maliki ya miƙe tsaye, ya dubi baya inda ba hanyar fita, ya sake zama.

Wanda ya tsinci abin bai fito ba, tsoron taɓawa yake, ya tsaya a kansa da shebur yana kiran Abbas. Kalilu ya san in aka jira a fito da shi a bakin shebur, ba wanda zai tsaya dubawa. Ya ja ƙarshen rawaninsa ya rufe hanci da baki. Ya ji Murjanatu ta kira shi daga baya, bai waiga ba. Mutane suka dare masa, har yanzu akwai masu tsoron tarinsa, ya shiga.

Zafin ciki ya buge shi kamar an buɗe murfin tukunya. An yi hanya ta tsakiyar kayan har kusa da bangon baya, ƙura ta cika wurin, matasan da ke ciki suna ta goge ido. Ya tsuguna ya ɗauki abin da hannunsa. Tun kafin ya fito da shi haske ya gane shi. Gammonsa ne, wanda ya ɓace masa tun ranar jidon nan na cikin ruwa, rima ta mayar da shi baƙi ƙirin. Ya fito bakin ƙofa ya ɗaga shi sama, ya warware a gaban kowa. Ta ciki, inda danshi bai ci ba, zanen atamfa ya bayyana, shuɗi da ɗigon fari.

"Gammona ne," in ji shi. "Tsohon zanen iyalina ne. Ga ta nan, ku tambaye ta."

Wasu suka yi shiru. Amma wani daga baya ya ce ai ba a tona bangon ba tukuna, alhali a bango mai duba ya ce an binne abin. Abbas ma ya ɗauki diga. Kalilu ya dube shi, ya ga ba zai bari ba sai ya ga wani abu da idonsa. Ya koma ciki, ya kama igiyar wani dami na ƙasa a jikin bangon baya, ya tattara ƙarfin da ya rage masa ya fizga. Jibgin ya rufto. Abin da ya bayyana ba harawa ba ce kuma. Wani dunƙule ne baƙi da fari-fari da kore, ya manne da bango, ɗumi na fitowa daga cikinsa kamar toka mai wuta. Ƙura ta tashi ta toshe hasken ƙofa. Matasan suka yar da shebur suka yi waje suna tari da kakari, Abbas ya kamo Kalilu ta ƙugu ya jawo shi. Ƙurar ta biyo su har waje, taron ya ja da baya, kowa ya sa hannun riga a hanci. Wanda ya ɗauki dutse ya sake shi. Kalilu ya nuna ƙofar da hannu yana so ya yi magana, tari bai bar shi ba.

Aka kai shi gida. Murjanatu ta cire masa rigar da rawanin ta jefa a ruwa, ta ba shi maganin likita, ta zauna tana kallon inuwar katanga. Shi ma ita yake kallo. Dukansu sun san abin da ke tafe. Bai ma jira la'asar ba. Rawar ɗarin ta zo da ƙarfin da bai taɓa ji ba, numfashi ya koma guntu-guntu, yana ja kamar ta bakin allura. Da Murjanatu ta ga leɓɓansa da farcensa sun yi duhu, ta fita ba mayafi ta kira Abbas.

A bayan wata a-kori-kura ta masu kai dabbobi aka shimfiɗa masa tabarma. Kwanciya ta gagare shi, Abbas ya zauna a bayansa ya tallabe shi a ƙirji. Kalilu ya tuna hanyar a gutsuttsure: ƙarar ƙarfen mota, bishiyoyi na wucewa, bakin Abbas a kunnensa yana karanta masa kalmar shahada, shi kuma yana so ya ce masa bai kai nan ba tukuna, babu iskar faɗa. A wani rami motar ta mutu. Direba ya buɗe gaba yana taɓe-taɓe, Murjanatu na yi masa fifita da murfin kwano, rana na gangarawa. Da ƙyar motar ta tashi. Suna isa Daura aka ɗauke shi a guje aka sa masa robar iska a hanci. Dokta Abdulmuhaimin ya zo ya duba shi, ya ji abin da ya faru, bai yi faɗa ba. Ya ce wa Abbas su yi addu'a, zuwa safiya za a san inda aka dosa.

Abbas na zaune a barandar asibitin bayan magariba sai shi ma sanyi ya kama shi, haƙora na haɗuwa, kai na sarawa. Washegari labari ya zo daga gida cewa matasan da suka shiga siton duk haka suka kwana. Likitan ya ce wanda ya shaƙi ƙurar da yawa a lokaci ɗaya haka take yi masa ko da lafiyayye ne, za su warware da kansu. Suka kuwa warware. A gari wasu suka ce ai asirin ne ya buge su don sun kusance shi, har yau akwai masu faɗin haka. Abbas dai bai ƙara ta da maganar ba. Shi ya tsaya aka yi yadda likita ya ce, aka ɗaye rufin siton, aka yayyafa wa kayan ruwa don kada su yi ƙura, masu aiki suka ɗaure fuska, aka kwashe aka binne a bayan gari.

Kalilu ya tashi, amma ba duka ba. Huhun ya riga ya yi tabo. Tafiya mai nisa sai da hutu, magana mai tsawo sai da yankewa, da sanyi kuma tarin ya taso. Ya koma gindin wata tsamiya a bakin kara, inda iska ke kaɗawa, yana sayar da igiya da kanwa da gishirin dabbobi. A hankali mai shayi ya kwance zaren kofin. In mai harawa ya zo wucewa da amalanke Kalilu yakan juya baya ya rufe hanci, amma ta gefen ido yakan duba ɗaurin, wani lokaci har ya aika a gaya wa mutum kayansa da sauran laima, ya baza su sha rana.

Maliki kuwa bai ƙara buɗe rumfarsa ba. Kafin Kalilu ya dawo daga asibiti ya kwashe iyalinsa ya koma Kongolam, wurin dangin matarsa. Mai gari ya so a kai Abbas gaban alƙali saboda ƙazafi, Maliki ya ce ba ya so, ya bar wa Allah.

Da Kalilu ya ji ƙarfin tafiya ya ce wa Abbas su je. Abbas ya ce shanu ne a gabansa, sai wani makon. Makon ya zo ya ce sai wani. Kalilu ya hau mota shi kaɗai. Ya tarar da Maliki a wata rumfa kusa da shingen iyaka yana auna wa wani Ba'adare dusa. Maliki ya ba shi tabarma, ya kawo ruwa, suka gaisa, suka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan Kalilu ya ce ya zo neman gafara ne, a madadinsa da na wansa.

Maliki ya daɗe yana kallon hanya. Ya ce ya ga abin da ya yi ran nan, ya kuma ji abin da ya jawo masa, Allah ya saka masa. Ya ce ya yafe. Sai ya tambaye shi abu ɗaya: kafin likita ya yi magana, shi a ransa ya yarda ko bai yarda ba?

Kalilu ya buɗe baki, tari ya zo masa. Da ya lafa ya ce, "Wani lokaci na yarda."

Maliki ya gyaɗa kai. Wani mai saye ya tsaya da jaki a bakin rumfar, ya miƙe ya ɗauki mudu. Kalilu ya jira kaɗan, ya ga cinikin zai yi tsawo, ya yi sallama. Maliki ya amsa, ya ce ya gaida gida, bai taka masa ba. Kalilu ya sa takalmansa ya nufi tasha a hankali, yana bin inuwar rumfuna.